Hanyoyin Baƙin Kawuna

Ranar da na gaya wa mahaifiyata abin da zan karanta a digiri na uku, tana zaune a tsakar gidanmu na Salaga tana feraye doya. Na daɗe ina laluben yadda zan faɗi abin da Hausa, a ƙarshe na ce mata ilimin ciniki ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "To ai aikin kawunka ke nan. Shi kuwa ko ƙofar sukul bai taɓa takawa ba."

Na yi dariya irin ta wanda yake ganin ya fi kowa sani a gidan. A lokacin haka nake. A zangon Salaga aka haife ni, inda kakanninmu suka zo neman goro suka zauna. Kafin in yi wayo goron ya sauya hanya, ya bar mana tsofaffin rijiyoyi da labarin arzikin da aka taɓa yi. Mahaifina tela ne, ya rasu ina sakandare a Yendi, inda nake zaune a hannun goggona ƙanwarsa. Daga nan na gangara kudu jami'a. Ni ne yaron nan da yake zuwa na ɗaya a kowace jarrabawa, har ya ɗauka wannan shi ne hankali.

Kawun da mahaifiyata take nufi wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Bawku. Mai gida ne. A can idan an ce mai gida, ana nufin wanda fatake suke sauka wurinsa. Mutum zai taso daga Burkina ko Togo ko Nijar da albasa ko wake ko tumaki, bai san kowa a kasuwa ba, sai ya nufi gidan mai gidansa. Shi zai ba shi ɗaki da ruwan wanka, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, in rigima ta taso ya tsaya masa. Kawu ba shi da shago, ba shi da mota. Abin da yake da shi ɗakuna ne a jere kewaye da tsakar gida, da kuma sanin da kowa ya yi masa cewa maganar da ta shiga gidansa ba ta fita.

Malamin da yake duba aikina a jami'a yana son a yi bincike a kan kayan da suke ƙetare iyaka ba tare da sun shiga takardar hukuma ba. Da ya ji ina da kawu a Bawku, har tashi ya yi ya ba ni hannu. Ya ce wasu sai su shekara suna neman wanda zai buɗe musu baki, ni ga shi an haife ni da ƙofa a buɗe. Na buga takardun tambayoyi, na cika jaka, na hau mota.

Kawu ya karɓe ni da murnar da ta ba ni kunya. Ya fitar da buhuna daga ɗakin da ya fi kowanne iska, ya sa aka shimfiɗa mini katifa. Warin albasa ya kama tufafina tun ranar farko, bai sake su ba har na bar garin. Duk wanda ya shigo sai kawu ya nuna ni, ya ce ga ɗan ƙanwarsa, ya ƙare karatun duniya yanzu ya zo koyon na gaskiya. Su yi dariya, ni ma in yi, ina ƙirga kwanakin da suka rage mini.

A wannan gida, duk falken da ya sauka, gaisuwar ɗaya ce. "Yaya hanya?" Ya ce, "Lafiya lau." Na ga wanda ya iso da ƙafa ɗaure da tsumma, jakinsa ɗaya ya mutu a daji, aka ce yaya hanya, ya ce lafiya lau. Tun ina yaro nake jin wannan gaisuwa, ni ma ina yin ta. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, ba wanda yake ɗora wata tambaya a kanta. Ana tambayar lafiyar hanya, ba a tambayar ta inda ta bi. A takardata kuwa, tambaya ta tara cewa take yi: ta wace hanya ka shigo da kayanka?

Cikin baƙin kawu akwai wani dattijo Bazabarme, dogo, mai ƙarancin magana, falken albasa. Tun kafin a haife ni yake sauka a gidan, yana da ɗakinsa da ba a ba kowa ko da ba ya nan. Sauran baƙin a bayansa suke. In ya ce a sayar, a sayar, in ya ce a jira kasuwa mai zuwa, a jira. Da shi na fara, bayan la'asar, a rumfar ƙofar gida, mutane kamar goma suna zaune ana shan shayi. Tambayoyin farko ya amsa su ba gardama. Da na zo ta tara, rumfar ta yi tsit. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu.

Dattijon bai dube ni ba. Sai ya juya ya dubi kawu.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. Karatu ne kawai. Ku faɗa masa."

Dattijon ya ce, "Mai gida, kai ka ce a faɗa?"

Kawu ya ce, "Ni na ce."

Sai dattijon ya tsinci kara, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane. Ga inda ake barin kwalta. Ga kukar da ake karyawa dama. Ga rafin da amalanken jaki yake iya ƙetarewa da rani, ga inda ake zagayawa in ruwa ya sauka. Ga ƙauyen da ake kwana, ga ranar da ya fi kyau a iso. Da ya gama, ya goge zanen da ƙafarsa. Ni kuwa na riga na kwafe. A cikin makonni kaɗan sauran ma suka zana mini nasu, tun da babba ya yi. A littafin aikina na ranar, abin da na rubuta game da shirun nan shi ne: sun ɗan yi nauyin baki da farko.

Ya kamata in faɗi abin da ake bi da shi ta hanyoyin nan, don kada a zaci wani abu. Albasa ce da wake da gero da dabbobi. Babbar hanya tana nan, amma mai albasa in ya tsaya a layi kwana biyu a rana, abin da zai kai kasuwa ruɓaɓɓe ne. Da yawansu gonarsu tana can, kasuwarsu tana nan, 'yar uwarsu tana aure a tsakani. Hanyoyin sun girmi iyakar. Kowace tana da mutanenta, da mai garin da ake gaisarwa, da matar da take dafa wa masu wucewa koko. Uba yana nuna wa ɗansa kamar yadda zai nuna masa iyakar gona. Duk wannan na rubuta shi a babi na biyu, da Turanci mai kyau, kuma ban fahimci abin da na rubuta ba.

A jami'a an koya mana kiyaye sirrin waɗanda muka yi wa tambaya, ni kuma ɗalibi ne mai bin ƙa'ida. Na cire sunan kowa. Dattijon ya zama lamba, kawu ya zama wani mai masauki a gari. Na yi alfahari da wannan tsafta. Sai dai a Bawku sunan mutum ba sirri ba ne, kowa ya san kowa har kakansa. Na ɓoye abin da ake kira da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, na buga abin da ake gogewa da ƙafa. Malamina ya ce taswirar ita ce zuciyar aikin, na zauna na zana ta da kyau, da ɗigo-ɗigo, da kukar, da rafin, da ranakun kasuwa a gefe.

Na gabatar da aikin a wani taro a babban birni, a ɗakin otal mai sanyin da ya sa na yi ta atishawa. A kujerun baya akwai wasu masu kaki, ma'aikatan iyaka. Da aka tashi ɗaya daga cikinsu ya zo ya gaishe ni, mutum mai fara'a. Ya ce ya yi shekaru yana aiki a yankin, bai taɓa ganin an fayyace abin haka ba, ko zan ba shi kwafi. Na miƙa masa da hannu biyu, har na sa hannu a shafin farko. Ba na ganin laifinsa, aikinsa yake yi. Na tuna daɗin da na ji a ranar, domin shi ne daɗi na ƙarshe da aikin nan ya ba ni wanda na ji har cikin ƙirji.

Aka ba ni digiri, aka ɗauke ni koyarwa. Aikin ya fito a mujallar masana, aka fara gayyatata ƙasashen waje in yi bayani a kan iyakoki. Na koyi barci a jirgi.

Bayan kamar shekara uku na je Yendi sunan jikar goggona. Da azahar, ana tsaka da rabon abinci, goggo ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta, ta tura ƙofa. Hausarta ta zango ce, ta gauraye da Dagbanci tun tana amarya.

Ta ce, "Kai ka ji labarin kawunka kuwa? Gidan shi ya zama wayam. Baƙi duka ya tashi."

Na ce me ya faru.

Ta ce, "Masu kaki ya sa bariya, ya tare hanyan daji. Ɗaya bayan ɗaya, daidai wurin. Har gindin kuka. Mutane ya ce ba wanda ya san wurin nan sai wanda an nuna mishi. Sun ce a gidan kawunka ne magana ya fita. Tsohon nan Bazabarme, shi ya fara kwashe kayan shi, ko sallama bai yi ba."

Ta tsaya tana kallon fuskata, tana jira. Ni ma jira nake. Na zaci gabana zai faɗi, ko idona ya kawo ruwa, ko in ji haushi. Ban ji komai ba. Na ce Allah ya kyauta. Na fito na zauna cikin maza, aka ajiye mini shinkafa, na cinye. Na tuna gishiri ya ɗan yi mata yawa. Na yi wa mai jego barka, na kama hanyar kudu, a mota ina sauraron labarin ƙwallo.

Daga Yendi zuwa Bawku tafiyar ba ta kai yini ɗaya ba. Ban je ba. A maimakon haka na yi abin da na iya, na gina hujja. Garin yana da nasa tashe-tashen hankulan da suke korar baƙi. Wayar hannu ta shigo, falke yana iya samun mai saye tun yana gona, me zai yi da mai gida? Babura sun yawaita, kowa yana zuwa ya koma a yini. Kuma wa ya ce masu kaki ba su san hanyoyin ba tun da? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan gaskiya ce, shi ya sa hujjar ta yi ƙarko. Duk shekara ina koya wa 'yan aji ɗaya cewa don abu ya biyo bayan abu, ba shi ke nuna shi ya haife shi ba. Ina faɗa ina jin muryata kamar rediyon maƙwabta.

Da sallah nakan aika wa kawu da shadda ta hannun mahaifiyata, ita kuma ta ce yana godiya. Ban taɓa kiran wayarsa ba, shi ma bai kira ni ba. Mahaifiyata ba ta taɓa tayar da maganar ba. Abin da kawai na lura, ta daina ce wa baƙinta ɗanta aikin kawunsa yake yi. In an tambaya sai ta ce malami ne.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Na yi aure, na haihu, na rubuta littafi, na zauna a kwamitocin da ake ba mutum ruwan gora da biro kyauta. Ranar da aka ba ni farfesa abokan aiki suka haɗa liyafa, aka yi ta jawabi, wani ya ce taswirar nan tawa har yau ana koyar da ita. Na miƙe na yi godiya yadda ya dace. A raina ina tunanin ko na kashe fankar ofis. Ba baƙin ciki nake yi ba, in da shi ne da na gane shi. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana ganin ta, kana iya taɓa ta, amma ba taka ba ce.

Da ciwon mahaifiyata ya yi tsanani na je Salaga na yi mako. Wata safiya ina ba ta koko da cokali, ta kawar da kai.

Ta ce, "Ka je Bawku."

Na ce in ta samu sauƙi zan je.

Ta ce, "Ba sauƙi nake jira ba. Kai ɗana ne, shi wana ne, shi ya sa na riƙe bakina duk shekarun nan. Na gaji da riƙewa. Ka je gobe."

Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba. Na duba mai a mota, na duba taya, washegari da sassafe na tafi. A hanya na tsara jawabin da zan yi, mai gabatarwa da tsakiya da kammalawa. Wannan kam na ƙware.

Na isa da hantsi ya yi nisa. Gidan yana nan yadda yake, sai dai an yi wa ƙofofin ɗakunan kwaɗo daban-daban, an ba 'yan haya, malaman firamare da masu gyaran waya. Rumfar ƙofar gida ta faɗi ba a tayar ba. Tsakar gidan a share take tas, ba buhu ko ɗaya. Kawu yana zaune a zaure a kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura, carbi a hannu. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ɗan jima kafin ya gane.

Ya ce, "A'a! Farfesa da kansa. Ka yi tumbi."

Ya sa aka kawo ruwa, aka kawo tuwo da miyar kuka, ya tambayi ƙanwarsa, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, waɗanda bai taɓa gani ba. Da na wanke hannu na fara jawabina. Na yi bayanin yadda ake bincike. Na ce na cire sunan kowa. Har na kai ga maganar wayar hannu da babura, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya. Lacca ka zo yi mini ko gaisuwa?"

Na ajiye jawabin. Can na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Me zan yafe? Kai ba ka san abin da ka tambaya ba. Yaro ne kai da takarda. Ni na sani. Ina zaune, na ji tambayar, na san ba a yin ta. Da na ce maka wuce wannan, da ka wuce."

Na ce to me ya sa bai ce ba.

Ya juya carbinsa. Ya ce, "Ina so su ga ɗan ƙanwata ya tambaya an ba shi amsa. Shi ke nan. Son a gani ne. Shekara arba'in ina riƙe bakin mutane, na sake shi a yamma ɗaya don in yi taƙama da kai. Ba kai suka bari ba, ni suka bari, kuma sun yi daidai."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na san inda zan ajiye abin. Ya ci gaba da ba ni labarin 'yan hayarsa, wanda yake kunna waƙa da wanda matarsa take zubar da ruwa a bakin ƙofa, kamar mun gama magana. Sai da aka kira azahar ya ce yana da buƙata ɗaya, tun da ga mota.

Dattijon nan Bazabarme ya daina fatauci. Yana Gambaga wurin ɗansa, tsufa ya kama shi. Kawu ya aika masa da saƙo sau biyu ta bakin mutane, ba amsa. Ya ce yana so ya je da ƙafarsa ya nemi gafararsa tun suna da rai su biyun, amma ba ya son ya hau motar haya ya sauka a tasha kowa yana kallo.

Ya ce, "Ko gaisuwa kawai ya amsa mini, ta ishe ni."

Da safe ya fito cikin farar babbar riga wadda ninkin akwati bai sake ta ba, da hula sabuwa. Ya sa aka sayo masa goro fari manya, aka ƙunshe a ganye, ya riƙe a cinya da hannu biyu. Na taimaka masa ya shiga gaba. Tafiyar ta ɗauke mu sa'o'i, hanyar ba kyau, ga hawan dutse. Bai yi magana sosai ba. Wani lokaci in ga leɓensa yana motsi, na ɗauka tasbihi ne, daga baya na gane maimaita abin da zai faɗa yake yi. Sau ɗaya ya tambaye ni ko hularsa ta zauna daidai.

A Gambaga muka tambaya aka nuna mana gidan, ginin siminti mai koren ƙyaure, da bishiyar darbejiya a gaba. Na kashe mota na zagayo zan kama shi, na ɗauka tare za mu shiga.

Ya ce, "Kai ka tsaya a mota."

Na tsaya. Na ga ya taka a hankali, yana jan ƙafa, ya yi sallama a bakin ƙyaure. Aka daɗe kafin wata mata ta leƙo, ta koma, ta dawo, ta buɗe masa. Ya cire takalmansa tun a waje.

Na zauna ina kallon takalman. Wata akuya ta zo ta shinshina su ta wuce. Wayata ta yi ƙara, sakataren sashenmu ne yana tambayar ranar da zan dawo, na amsa masa da saƙo, har na gyara kuskuren rubutu kafin in tura. Na shirya zaman sa'a biyu, domin tsofaffin da suka yi shekaru ba su haɗu ba, gaisuwa kaɗai sai ta ci rabin sa'a.

Minti goma bai cika ba ƙyauren ya buɗe. Kawu ya fito shi kaɗai. Ba ɗa, ba jika, ba ko matar da ta buɗe masa. Mutum mai shekarunsa, da farar riga, ya zo daga wani gari, ba wanda ya taka masa ko zuwa bakin ƙofa. Ya sunkuya yana neman sa takalmi, ƙafar ta ƙi shiga, ya dafa bango. A lokacin na ga ƙunshin goron yana hannunsa. Ya waiga wajen motar, ya yi sauri ya cusa shi a aljihun rigar ciki, ya ja babbar riga ya rufe. Na kawar da kai na yi kamar ina duba waya.

Ya shigo ya zauna, yana haki. Ya gyara hula. Ganyen goron ya leƙo ta gefen aljihu, ya sa gwiwar hannu ya danne.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Jikin ne kawai ba daɗi, shi ya sa ban daɗe ba." Ya yi gyaran murya, yana kallon gilashin gaba. "Ya ce in gaishe ka. Ya ce Allah ya ƙara ilimi."

A nan abin ya same ni, duk a lokaci ɗaya, bayan shekarun nan. Kunya ce, mai zafi, ta taso daga ciki. An mayar masa da goronsa saboda ni, kuma abin da ya dame shi a wannan minti shi ne kada in sani. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na san jira yake in ba shi amsar da ake bayarwa, kuma ita kaɗai ce abin da zan iya yi masa.

Na ce, "Ina amsawa, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in tayar da mota, rana tana yi.